Ranar da Ƙyallen Ci-gaba Ya Dawo Fari

A wani gari da ake kira Haske-Tafe, wa ya fara koya wa mutane cewa in suna son su san ko gwamnati na aiki, sama za su duba, ba ƙwan fitilar ɗakinsu ba? An tambayi tsofaffi, sun ce haka suka taso suka tarar. An buɗe takardun majalisa, aka ga gara ta cinye daidai wurin. Mai ba da wannan labari ma ya daɗe yana juya tambayar a ransa, har yau bai samo mata kai ba. Abin da aka sani dai shi ne, a gabashin garin akwai tashar wutar lantarki mai cin kwal, a tsakiyar tashar akwai wani dogon bututun hayaƙi da ya fi kowane gini tsawo, kuma kowace safiya magidanci kan fito ƙofar gida da buta a hannu ya ɗaga kai. In ya ga hayaƙi ya turnuƙe baƙi ƙirin, sai ya ce, "Alhamdulillahi, ana aiki." Daga nan ya koma ɗaki ya lalubi takalminsa a duhu.

Ita wutar takan zo, ba a ce ba ta zuwa ba. Takan zo ne kamar ɗan'uwa na nesa: ba ta aiko da saƙo, ba ta kwana, wani lokacin kafin a kawo mata ruwan sha ta tafi. Amma ba wanda ya taɓa kai ƙara, tunda ga hayaƙi kowa na gani.

Saboda girman al'amarin, garin yana da Sarkin Hayaƙi, wani Alhaji Nomau, mutum mai tumbi da ciwon gwiwa. Aikinsa ɗaya ne. Da hantsi yakan hau rufin majalisa da ƙyar, ya shanya wani farin ƙyalle mai kamu huɗu a kan igiya. Da azahar ya sake hawa ya sauko da shi, ya shimfiɗa shi a gaban Mai Girma Jagora da 'yan Majalisar Na'am. Ana kiransa Ƙyallen Ci-gaba. In ya dawo baƙi, Jagora ya gyaɗa kai, majalisa ta gyaɗa, gidan rediyo ya sanar da cewa yau ma an samu ci-gaba. In ya dawo ruwan toka, a kafa kwamiti.

Mai wanke ƙyallen kuwa Lantana ce, matar Mantau. Kullum da la'asar ake kawo mata shi, ta dirje shi da sabulu har ya koma fari, don gobe ci-gaba ya sami wurin sauka. Mijinta Mantau shi ne mai kula da tukunyar tururi a tashar, shekara talatin da ɗaya ke nan. Gidansu yana Unguwar Ni'ima, daidai gindin bututun, inda toka ke sauka a kan tuwo kafin miya ta iso. A nan Lantana ta samo wani tari da ya kai shekara ashirin tare da ita. Tari ne mai ladabi, ba ya tashi sai ta fara magana ko dariya.

Mantau bai yi nisa a boko ba, amma ya san tukunyarsa kamar yadda ya san fushin matarsa. Ya san kwal ke cin wuta, wuta ta tafasa ruwa, ruwa ya zama tururi, tururi ya juya injin, injin ya haifi lantarki. Ya bi wannan layin sau dubu a kansa, bai ga inda hayaƙi ya ɗauki wani kaya ba. Hayaƙi kashi ne kawai: tasha ta ci, ta fitar. Yakan yi mamakin garin da ke auna doki da yawan kashinsa, ba ya tambayar ko dokin ya je wani wuri. Amma a ransa yake mamakin. Ya ga abin da ya sami waɗanda suka yi nasu a fili: an saka su a kwamiti, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

A bayan tashar akwai wani fili mai madubai ɗari biyu, dogaye, lanƙwasassu kamar komin shayar da dabbobi, kowane layi da baƙin bututu miƙe a tsakiyarsa. Wata ƙasa mai nisa ce ta aiko da su kyauta. An yi bikin buɗe su sau uku, kowanne gab da zaɓe, an datse igiyar ado da almakashi, an ci shinkafa. Ba a taɓa haɗa su da komai ba. Da wani sabon ma'aikaci ya tambayi dalili, aka ce masa abin da Jagora ya riga ya buɗe, in ka ce za ka haɗa shi, kana nufin bai buɗu ba ke nan. Don haka maduban suka zama na mata masu gyara ɗaurin ɗankwali a hanyar kasuwa, da na raguna masu tunkuyin abokan gabar da suke gani a ciki.

Wata rana da tsakar rana Mantau ya zagaya bayan tasha zai kama ruwa, ya dafa ɗaya daga cikin baƙaƙen bututun nan. Kwana huɗu ya yi da tafin hannu a naɗe. Amma ba ƙunar ce ta dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne, wa ya hura wutar? Ya je ya tono littafin da ya zo da maduban, a cikin wani akwati da kaza ta mayar wurin kwanci. Harshen littafin bai san shi ba, amma akwai hotuna, hoto kuwa ba ya neman tafinta. Ga rana, ga madubi yana tattara zafinta yana zubawa a kan bututu, ga ruwa yana shiga da sanyi yana fita da huci, ga kibiya tana nuna tukunya.

Ya gane. Ruwan da ake janyowa daga kogi da sanyinsa yake shiga tukunya, kuma kwal mai yawa wajen tashe shi daga barci yake ƙarewa. In rana ta riga ta dafa shi, har ta ba da nata tururin, kwal sai dai ya ƙarasa. Ba korar kwal za a yi ba. Kama masa kaya za a yi.

Rani guda ya yi yana haɗa bututu da bututu, da guntayen ƙarfen da ya tsinto a bolar tasha. Ya zuba wa ƙafafun maduban mai har suka fara juyawa suna bin rana, ya goge su ɗaya bayan ɗaya da tsohon zanen Lantana. Ba wanda ya tambaye shi me yake yi, domin a Haske-Tafe ba a kallon wurin da ba ya hayaƙi.

Ranar wata Litinin ya yi bisimilla ya murɗa famfo.

Da hantsi ya ga allurar agogon da ke auna ƙarfin tururi ta hau, ba a ƙara shebur ko ɗaya ba. Ya ce wa masu zuba kwal su sassauta. Inda ake zuba shebur goma aka koma bakwai, da rana ta take aka koma shida. Wutar da ba a danne ta da kwal ba kuwa tas take ci, ba ta shaƙewa. Abin da aka rage da rana shi aka ƙona bayan magariba, kason kwal na mako da ya saba ƙarewa ran Laraba ya kai har Lahadi. A karon farko tun da aka kafa garin, wuta ta zo ta kwana, ta wayi gari, ta sake kwana.

Ƙyalle kuwa ya dawo ruwan toka. Aka kafa kwamiti. Kafin kwamitin ya gama zaɓen wanda zai riƙa buɗe taro da addu'a, zafin bazara ya kankama, ƙyalle ya dawo fari.

"Malam," in ji Lantana da yamma, tana ɗaga shi da hannu biyu, "yau kakkaɓewa kawai na yi."

"Kin huta."

"Na huta. Har na wanke rigarka ta Juma'a na shanya a tsakar gida. Ashe fara ce?"

"Da can da wane launi kika san ta?"

"Na ɗauka launin ɓera ce tun daga masaƙa."

Ta yi dariya. Mantau ya tsaya yana jiran tarin ya zo ya ƙwace dariyar kamar kullum. Ta yi abarta har ƙarshe, ta rufe baki da kanta. Ya shiga ɗaki ya daɗe yana neman wani abu da bai ɓata ba.

A cikin gari kuwa hankali ya tashi. Mutane suna fitowa da buta su ɗaga kai, su ga ɗan siririn hayaƙi kamar na murhun gwauro, su koma ɗaki mai haske jikinsu a sanyaye. A Kasuwar Ji-ta-ji-ta, ƙarƙashin fankokin da ke juyawa, aka tabbatar da cewa gwamnati ta kwanta ciwo.

"Ban taɓa ganin sakaci irin wannan ba," in ji wani tela, yana taka kekensa na lantarki.

"To wannan wutar fa?" in ji mai ƙanƙara, wanda firjinsa ya yi sanyi har ya fara ba shi tsoro.

"Ta bara ce da ta maƙale a waya. Tana ƙarewa za ka yi bayani."

Masu sayar da janareto da masu kyandir da masu maganin tari suka haɗa ƙungiya, suka yi tattaki zuwa majalisa suna roƙon a dawo da garin kan turbarsa. Mai maganin tarin ne ya yi jawabi. Ya ce yara suna tasowa ba su san tari ba, kuma wannan ba ita ce tarbiyyar da iyaye suka bari ba.

Kwamiti ya bi sawu har bayan tasha, ya tarar da Mantau yana goge madubi. Ran Talata aka gurfanar da shi a gaban Majalisar Na'am.

Zauren majalisar yana da wata tsohuwar fanka da kowa ya ɗauka ado ce. Tun da wuta ta zauna take juyawa, ta watsar da gidajen zanzaro na shekara da shekaru a kan hulunan manya, kuma ba wanda ya san inda ake kashe ta. A ƙarƙashinta Mantau ya durƙusa. Ƙyallen yana shimfiɗe a gabansa fari fat kamar likkafani.

Wakilin Kwal ne ya fara, surukin Jagora, wanda motocinsa ke kawo kwal daga bayan dutse.

"Kai ne ka ɗauki rana aiki?"

"Ranka ya daɗe, ban ɗauke ta ba. Tana zuba ne a banza, na tara."

"'Yar wace unguwa ce? Wa ya tsaya mata? Ina takardarta?"

"Ba ta da takarda, ranka ya daɗe."

"Kun dai ji. Ba takarda." Ya juya ga majalisa. "Kuma na sa an bi diddiginta. Magariba na yi take tashi daga aiki. Da damina sai ta yi kwana uku ba ta leƙo ba, ba ta aiko da uzuri ba. Irin wannan ma'aikaciyar za a damƙa wa ci-gaban gari?"

"Shi ya sa kwal yake nan, ranka ya daɗe. Ba ta karɓe aikinsa ba, kama masa take yi. In ta tafi ya ci gaba."

"Wa ya ce mata ya gaji?"

Majalisa ta ce na'am, wa ya ce mata ya gaji.

Wani ɗan majalisa ya kawo shawarar a aika wa rana sammaci. Aka amince. Wani ya tambayi wa zai kai. Aka mayar da batun ga kwamiti.

Duk wannan Jagora yana saurare. Yana zaune ya dafe takardunsa don kada fanka ta kwashe su. Jagora mutum ne mai ƙarancin magana, kuma ba wawa ba ne. Wannan ita ce babbar jarrabawar garin.

"Mantau," ya ce a hankali, "na ji wuta ta zauna."

"Ta zauna, Allah ya ja zamaninka."

"Na ji daɗi. To wutar da rana ta kawo, wa za a gode wa?"

Mantau ya buɗe baki zai ce Allah, ya dubi fuskokin majalisa, ya ga ba ita ce amsar da ake jira ba.

"Kwal ni nake sa a kawo," in ji Jagora. "Motoci suna ratsa tsakiyar gari, ana gani. Hayaƙi yana tashi, ana gani. Mutum ya ɗaga kai ya tuna da ni. Ita kuwa wannan, ko ina kan kujerar nan ko ba na kai, gobe za ta fito. Kana son mutane su lura da haka?"

Zaure ya yi tsit. A da, a irin wannan shirun, akan sami mai tari.

Hukunci ya fito: ran Juma'a da azahar ƙyalle ya dawo baƙi. In bai dawo ba, a kwance maduban a rarraba wa gidajen 'yan majalisa, inda za su ci gaba da yi wa al'umma hidima a ɗakunan kwalliya.

Da la'asar Alhaji Nomau ya sami Mantau a gindin bututun. Tare suka yi wasan ƙasa, tare aka yi musu kaciya, kafin ɗaya ya bi tukunya ɗaya ya bi ƙyalle.

"Injiniya, ka jiƙa mana aiki."

"Sarkin Hayaƙi, ai hutu na samo wa gwiwarka."

"Hutun da za a ce ba a buƙatata? Ka taɓa jin Sarkin Hayaƙi a garin da ba hayaƙi?" Ya zauna a kan wani bulo yana nishi. "Saurara. Ba wanda ya ce lallai sai madubanka sun tafi. Ƙyalle kawai ake so. Ga 'yar ƙofar nan ta kwasar toka a gindin bututu. Tsofaffin tayoyin mota sun cika gari. Daga hantsi zuwa azahar ka riƙa jefa guda-guda. Awa huɗu. Ƙyalle ya yi baƙi, Jagora ya gyaɗa kai, ranarka ta ci gaba da aikinta a ɓoye kamar kowane ma'aikacin kirki."

"A'a."

"Ban gama ba."

"Ni na gama ji. Shekara talatin da ɗaya ina zuba wa matata hayaƙi a ƙirji, ina gaya wa kaina dole ce, wuta nake nema hayaƙi ya biyo. Yanzu kana so in zauna in yi shi da gangan, shi kaɗai, wanda ko ruwan shayi bai dafa ba. Hannuna ba zai jefa ba, Nomau."

"Ko ranka ya daɗe babu?"

"Ranka ya daɗe, hannuna ba zai jefa ba."

Nomau ya miƙe da ƙyar. "Zan dai sa a kawo tayoyin. Ajiyewa ba jefawa ba ce."

Ran Laraba majalisa ta gwada nata dabarun. Nomau ya kai ƙyallen marina aka rina shi, Jagora ya sansana ya ce ci-gaba ba ya warin baban rini, aka yanko sabo. Mai shela ya zaga gari yana gargaɗin cewa hasken da ba shi da hayaƙi yana kashe ido. Masu kishin gari suka kashe fitilunsu suka koma kyandir, suna leƙen maƙwabtan da ba su kashe ba. Ran Alhamis aka kafa dokar hana ɗaga kai kafin azahar. Mutane suka riƙa fitowa da kwano cike da ruwa suna duba bututun a ciki. Da yammacin ranar wata mota ta juye tayoyi a gindin bututu, tsibi ya fi mutum tsawo. Mantau ya lura motar Wakilin Kwal ce, amma hankalinsa yana wani wurin.

Awo yake yi. In ya ƙi, hannunsa tsaf, maduban su tafi ɗakunan kwalliya, kwal ya koma shebur goma, hayaƙi ya dawo daga asuba zuwa asuba. In ya yarda, hayaƙin awa huɗu ne, wuta ta zauna, sauran yini iska ta kowa ce. Ya juya ta nan, ya juya ta can, kowane juyi wuri ɗaya yake kai shi: ƙaryar ta fi gaskiyar sauƙi a ƙirjin Lantana. Abin da ya kasa warwarewa shi ne, tsarkin hannun da ƙirjin wata zai ɗauki nauyinsa, tsarki ne ko son kai?

Bayan magariba ya zayyana mata komai, suna cin tuwon da ba toka a kansa.

"Hayaƙin taya da na kwal," in ji ta, "ƙirjina bai yi karatun da zai bambance su ba."

"Na taya ya fi muni. Amma awa huɗu ne."

"To ka ƙona mana."

"In na ƙona, ni ne na sa miki."

"Da can wa yake sa mini? Aljanu?"

Ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Da can ba ni da zaɓi."

"To kar ka ƙona."

"In ban ƙona ba, za ki koma na kullum."

"Malam, ka zo ne in zaɓa maka, don gobe in na yi tari ka ce ni na ce." Ta janyo kwanon miya gabanta. "Ni wanki na iya. A kawo baƙi in wanke, a kawo fari in kakkaɓe. Abu ɗaya dai, rigarka tana kan igiya. In za ka yi, ka faɗa mini kafin ka fita, in kwashe shanya."

Ran Juma'a da safe ya sa hularsa ya ce mata, "Ba zan yi ba."

"Allah ya tsare," in ji ta.

Sai da ya kai zaure ya waiwaya. Igiyar shanya wayam. Tagar ɗaki a rufe, an cusa tsumma a kowace kafa.

Da hantsi Nomau ya hau rufi ya shanya sabon ƙyallen, ya sauko ya taho tasha ya zauna a kan bulonsa. Majalisa kuwa ba ta jira azahar ba. Motoci biyu suka tsaya a bakin filin madubai, ma'aikata suka diro kowa da sifana a hannu. Wasu sun zo da igiyoyin da matan 'yan majalisa suka auna bangon ɗakunansu da su. Maduban suna ta juyawa a hankali suna bin rana, ba su san zancen da ake ciki ba. Allurar tukunya tana sama. Daga nesa ana jin injin niƙa na Unguwar Ni'ima, da rediyon wani, da kekunan teloli.

Shugaban ma'aikatan ya zo wurin madubi na farko, wanda bututunsa ya ƙona Mantau, ya duba fuskarsa a ciki, ya gyara hula, ya ɗora sifana a kan noti.

"Baba Mantau, a rufe mana famfon nan kar abin ya ƙona mu."

Mantau ya dubi tabon tafin hannunsa. Ya dubi wajen rufin gidansa, can ƙarƙashin bututu.

"Ku ɗan dakata," ya ce.

Ya taka zuwa tsibin, ya zaɓi tayar da ta fi ƙanƙanta, kamar hakan zai rage wani abu. Ya gangaro da ita har 'yar ƙofar kwasar toka, ya ɗebo garwashi a shebur ya zuba, ya tura ta ciki. Ta ɗan yi gardama, sannan ta kama.

Hayaƙin da ya fito daga bututun nan ko kakannin garin ba su ga irinsa ba. Baƙi, mai kauri, mai maiƙo. Ya hau sama ya tokare, ya karkata ta kan Unguwar Ni'ima ya nufi rufin majalisa. Daga cikin gari aka jiyo guɗa. Mutane suka karya dokar ɗaga kai, ba wanda ya kama su, don masu kamun ma kansu yana sama. A kasuwa mai maganin tari ya buɗe rumfarsa. Ma'aikatan suka mayar da kayan aikinsu mota, suna cewa ai dama sun san gwamnati ba za ta zura ido ba. Gefen hayaƙin ya yi wa layin madubai na farko inuwa, allurar tukunya ta ɗan sunkuya.

Nomau kaɗai bai kalli sama ba. 'Yar ƙofar yake kallo. Ya taso ya leƙa ta, ya bi bangon bututun da ido har ƙololuwa, ya dawo da idon ƙasa, ya dubi tukunyar da ke can gefe, tazarar taku arba'in.

"Injiniya, wannan ƙofar ba ta bi ta tukunya ba?"

"Ba ta bi ba."

"Kai tsaye take hawa bututu."

"Kai tsaye."

"Wato hayaƙin nan bai taɓa ruwa ba. Bai san injin ba." Ya shafa gemu. "Ko da a ce yau tukunyar a kashe take, da injin, da madubanka duka, ƙyalle zai yi baƙi..."

Mantau ya jingine shebur.

Nomau ya dubi tsibin tayoyin. Ya dubi motar Wakilin Kwal, wadda ta dawo tun da safe tana tsaye da wani lodin a bayanta. Ya karkaɗe rigarsa.

"Bari in je in gaishe da Jagora."

Shekara goma rabon da a ga Sarkin Hayaƙi yana sauri. Mantau ya bi shi da kallo har ya sha kwana. A saman ƙofar tasha ƙwan fitila yana nan a kunne da rana tsaka, ba mai kallonsa. Azahar da sauran awa uku. Ya tofa yawu a tafin hannunsa mai tabo, ya je ya gangaro da taya ta biyu.